Na Zama Kunnen Mijina

Sallama gare ku masu wannan mujalla, da duk wanda idonsa ya kai kan wannan shafi. Ni 'yar Salaga ce, a zango, unguwar Hausawa, aka haife ni, kakannina fataken goro ne. A lokacin da wannan abu ya faru, ni matar gida ce ta sosai, in ba biki ko rasuwa ba, ƙafata ba ta wuce bakin titi. Da safe in dama koko in soya ƙosai a ƙofar gida, sauran yinin kuma hira da duk wadda ta shigo. Boko ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune a ɗakin girki nakan gane wace maƙwabciya ke daka daga faɗuwar taɓaryarta, in gane babur ɗin wa ya tsaya a waje tun kafin a yi sallama. Maigidana yakan tsokane ni da rediyon unguwa, wai ina kama tasha, ina kuma watsawa.

Shi maigidan nawa mai fitila ne a wata ƙungiyar wasan kwaikwayo da rawa ta garinmu. Mutane suna zaton kunna wuta ne kawai a kashe, alhali aikin ya fi haka nesa. Shi ke tsara inda kowace fitila za ta tsaya a kan sandunan ƙarfe, da launin ledar da za a sa mata a fuska, da wadda za ta bi ɗan wasa duk inda ya taka. A tsakar gidanmu yake gwaji, ya tsayar da ni da gyalena, ya haska ni ta nan ya haska ni ta can. A nan na koyi cewa baƙar fata ba ta son shuɗiyar fitila ita kaɗai, sai mutum ya fito kamar an shafa masa toka, dole a haɗa da mai ruwan zuma daga gefe kafin fuska ta yi kyau. Yakan yi wayewar gari a kan dandamali a hankali a hankali, har ka ji kamar zakara zai yi cara. Kuma a ƙungiyarsu ba a rubuta wa mai fitila komai. Ganga ce ke ba shi umarni. In babban makaɗi ya juya kiɗa, haske ya juya, in ya buga na ƙarshe, wuta ta ɗauke tare da bugun, ba kafinsa ba, ba bayansa ba.

To, shekarun da ya yi yana zama tsakanin manyan sifiku da janareto sun ci masa kunne. Ni na fara lura. Rediyo ya koma ƙure ta yake yi, in na yi masa magana ta bayansa ba ya waiwayowa, sai ga shi yana tambayata ko an kira sallah, ga masallaci a bayan katangarmu. Na yi ta yi masa magana yana cewa surutuna ne ya yi yawa shi ya sa yake tacewa. Sai wata safiya, bayan masu sayen koko sun watse, ya zauna a kan benci ya faɗa mini gaskiya. Ya ce kiɗa yanzu dunƙule yake zo masa, kamar ruwan sama a kan kwano, ba ya raba wannan ganga da waccan. Ya ce in Kawu, dattijon da ke shugabantar ƙungiyar, ya ji, za a kira wani daga Tamale a ba shi akwatin maɓallan, shi kuma bai iya wata sana'a ba. Ga shi za su fara sabon wasansu a nan Salaga, an kuma gayyace su Yendi da Bawku. Ni na kawo shawarar, ba shi ba. Na ce zan zauna kusa da shi, in na ji kiɗa zai juya in taɓa masa gwiwa, ba wanda zai sani.

Haka na fara bin shi wajen gwaji, ni da ko kasuwa aike nake yi. 'Yan ƙungiya suka samu abin dariya. Babban makaɗi ya ce lallai amarya ta ji labarin 'yan matan Yendi shi ya sa ta fito gadi, na ce masa wanda zai yi gadin mai furfura irin wannan ai aikin yi ya rasa. Ba a daɗe ba na haddace kiɗan wasan duka. Wasan labarin fataken goro ne, kuma a ƙarshensa akwai rawar da kowa ke jira. Wani magidanci, tela ne a kasuwarmu, yana hawa kan turmi da aka kifa a bisa tebur, da huhun goro a kansa, ya yi ta juyi, sannan ya diro ƙasa. Sai ya diro makaɗi ke buga na ƙarshe, wuta ta ɗauke. A Salaga mun yi shi lafiya lau. Na taɓa gwiwa, duhu ya rufe, mutane suka yi ta tafi. Kawu da kansa ya ce bai taɓa ganin hannun mai fitilarsa ya yi daidai irin na ranar ba. Na dawo gida ina jin kaina.

A Yendi bayan la'asar aka sa wasan, a wani babban zaure, aka toshe tagogi da tamfol don a samu duhu. Ana dab da farawa sai ga uwargidan mutumin da ya sauke mu, dattijuwa mai kwarjini, ta zo ta kama hannuna. Ta ce kunya ce a gare su a bar matar baƙo a can baya cikin wayoyi da maza, wurina yana gaba a kan tabarma tare da matan gida. Duk wanda ya san mutanen nan ya san ba a ƙwace hannu daga irin wannan karamci. In na ƙi, sai na faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da muke ɓoyewa. Na kalli maigida, ya ɗaga mini kai wai in je, zai bi hannun makaɗi da ido. Aka zaunar da ni, aka ba ni ruwa, aka ɗora mini jikan gidan a cinya. Wasa ya yi ta tafiya, ina jin haske yana ɗan makara nan da can, amma ba wanda ya lura sai ni.

Tela ya hau turmi ke nan yana juyi, sai na ji wata ganga daban daga ƙofa. Makaɗan garin ne da lungarsu, irin wadda muke ce wa kalangu, suka shigo su gaishe da baƙi kamar yadda suka saba. Babban makaɗinmu ya ɗaga sandar kiɗansa sama don ya amsa gaisuwarsu. To daidai haka yake ɗaga ta in zai buga na ƙarshe. Mijina idonsa yana kan wannan hannu, ba ya kan dandamali, kuma ba ya jin cewa kiɗan juyi bai ƙare ba. Ya ja maɓalli ƙasa. Duhu ya rufe zauren da mutum a kan turmi yana tsakiyar juyi. Na ji turmi ya gangara, na ji goro yana warwatsuwa a siminti, sannan na ji wani ƙas, irin ƙarar busasshen icce in an taka. Har yau wannan ƙarar tana kunnena. Da haske ya dawo, tela yana kwance, idon sawunsa ya karye.

Nan take mutane suka ce dumso ne, wato ɗaukewar wutar da muka saba da ita, wasu suka ce janareto ne ya shaƙe. Kawu ya hau mai kula da janareto da faɗa, ya ce daga Yendi ya kama hanyar gidansu. Ni kuwa na san ƙarar injin nan ko tari ba ta yi ba. A cikin lori muna komawa Salaga maigida ya raɗa mini cewa in yi shiru, Allah ya rufa mana asiri, a Bawku kawai in tabbata ban bar gefensa ba. Na bari sai da muka shiga gida. Na tsaya a gabansa inda zai ga bakina, na ce masa Baban yara, ba zan je Bawku ba. Na ce mutumin da ya karye da ƙafa yake taka keken ɗinki ya ciyar da 'ya'yansa, ga wani an kore shi a kan abin da bai yi ba, kuma ko a Bawku akwai dattijuwar da za ta iya kama hannuna. Ya yi fushi, ya ƙi cin tuwona, ya ce ni na kawo dabarar yanzu kuma ni ke tona shi. Na ce haka ne, ni na kawo, ni kuma na janye.

Da ya huce, tare muka je gidan tela da ƙwaryar fura. Mun tarar da Kawu a can, maɗori ya ɗaure ƙafar da karare. Mijina ya durƙusa ya faɗi komai da bakinsa. Kawu ya yi faɗa sosai, ya ce abin da ya fi ƙona masa rai shi ne an ɗauke shi mutumin da zai yar da ɗan'uwa don kunne ya yi nauyi. Matar tela ta tashi ta shige ɗaki, kuma ta daɗe ba ta amsa gaisuwata ba, ban kuma ga laifinta ba. Shi telan ya ce wa mijina, Yaya, da ka faɗa ai da ƙafata tana nan. Sannan ya ce tunda an sauko da shi daga turmi ba shiri, sai a ba shi kujera kusa da akwatin fitila, don ba wanda ya san takun wasan nan kamarsa. Aka aika aka dawo da mai janareto, Kawu ya ba shi haƙuri a gaban kowa.

Haka suka tafi Bawku ta Walewale, tela da sandarsa. Wani ya hau turmin, telan kuma ya zauna yana taɓa gwiwar mai fitila a fili, kowa na gani, ba dattijuwar da za ta tashe shi. Suka kuma kafa doka cewa ba a ɗauke wuta sai mai fitila ya ga ƙafar mai rawa a ƙasa da idonsa. Ni ban je ba, ina gida da kaskon ƙosaina, labari ya same ni cewa an yi lafiya. Daga baya muka je asibiti a Tamale aka auna kunnen, aka ba shi ɗan abin sawa mai ƙara ji. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma da an zo da wuri da an tsare da yawa. Har yanzu mijina ne mai fitilar ƙungiyar, kuma ina faɗa da ƙarfina, a duk yankinmu ba wanda ya kai shi iya wayewar gari a kan dandamali.

Abin da na koya shi ne, rufin asirin miji yana da iyaka, iyakarsa kuwa ita ce inda lafiyar wani ta shigo. Ku masu aiki kusa da sifiku da injuna, ku toshe kunnuwanku, ku je a duba ku tun kuna jin kiran sallah. Ku kuma 'yan'uwana mata, in mai gidanku ya samu raunin da zai iya cutar da abokan aikinsa, ku raka shi ya faɗa, kada ku raka shi ya ɓoye. Telan nan ya koma ɗinki da keken lantarki, bai sake rawa ba. Kusan kowace safiya yana zuwa sayen koko, mu yi ta barkwanci. Amma tun yana kan kwanar layinmu nake sanin shi ne, don taku ɗaya yana sauka da nauyi, ɗayan yana jan ƙasa, kuma na san hannuna yana cikin wannan takun.