Rufa'i Ba Ya Faɗin Inda Za Shi

A kasuwar Kafin Maiyaƙi kowa ya san Rufa'i mai awon dawa da hali ɗaya: ba ya faɗin inda za shi. Wurin mahaifiyarsa Tasalla ya gaji wannan, wadda har ta koma ga Allah tana da yaƙinin cewa bakin mutane ne ke kifar da mota, ramukan hanya kuwa ana ɗora musu laifi ne kawai. Ko ɗaurin aure za shi Bebeji, sai ya ce zai ɗan zaga. Matarsa Saude ma ya koya mata amsa: duk wanda ya tambaya, yana gona. Ta riƙe amsar nan har da rani, lokacin da babu komai a gonar sai kututturen kara.

Wanda ya fi tsoro shi ne Shitu, maƙwabcinsa na rumfa. Shitu ya taɓa yaba wata akuyarsa da safe, kafin la'asar ta mutu.

Rannan sai ga waya daga Lome. Yayarsa Furera, wadda ta goya shi kafin aure ya kai ta can, tana kwance, kuma sunansa take kira. Mijinta ya ce in zai zo, kada ya jira kasuwa ta ci.

Ya je Kano a ɓoye neman biza. Aka ce masa ɗan Najeriya ba ya bukatar biza zuwa Togo, takardar tafiya da katin allurar shawara sun isa. Wannan bai kwantar masa da hankali ba. Ƙasar da ba ta neman izini a bakin ƙofa, a ganinsa, akwai abin da take jira a ciki.

Shingayen hanya ya wuce su da addu'a a baki. A kan iyaka aka sauke fasinjoji, rana tsaka. Wani jami'i mai jin Hausa ya duba takardunsa, bai ga aibu ba, ya miƙa masa, ya yi tambayar da ake yi wa kowa.

"Malam, ina za ka?"

Akwai mutane a bayansa, duk kunnuwa. Rufa'i ya ce, "Nan gaba kaɗan."

Jami'in ya janye hannunsa, da takardun a ciki.

A shekarun nan, namijin da ya fito daga arewa shi kaɗai, da layu a damtse, kuma ba ya son faɗin inda za shi, ba a ba shi kujera. A ƙasa aka zaunar da shi, cikin wani ɗaki na kwano, kusa da wasu mutum biyu da aka cire wa takalma. Ko ɗayansu bai ɗago kai ba. Nan ya faɗi Lome, ya faɗi Furera, har unguwarsu ya faɗa, amma gaskiyar ta makara. Wayar mijin Furera ba ta shiga. Ta taga ya ga direban motarsu ya rufe but.

Jami'in ya ce, "Kira gidanka mu ji." Da kiran ya shiga, jami'in ya buɗe muryar wayar kowa ya ji, ya yi magana da kansa.

"Baiwar Allah, ina mijinki?"

"Yana gona," in ji Saude.

"Bai yi tafiya ba?"

"Wace tafiya? Yanzu ma zan aika masa da fura."

Rufa'i ya matso. "Saude, ni ne. Faɗa musu gaskiya."

Ta ji muryarsa tana rawa, ga baƙin maza a gefe, ta kuma san labarin masu garkuwa da mutane. Ta ce, "Ban san wannan muryar ba," ta kashe. Bai taɓa ganin biyayya irin wannan ba. Motar ta tashi, da jakarsa a ciki.

Jami'in ya zare ankwa daga ƙugu, ya ajiye a kan tebur, ba da gaggawa ba. "Saura mutum ɗaya. Zaɓi da kyau."

Rufa'i ya duba sunayen wayarsa. Duk wanda ya amince da shi zai rufa masa asiri. Ya danna sunan Shitu.

"Rufa'i? Ai Lome ya tafi, yayarsa ce ba lafiya," in ji Shitu, da goro a baki. "Ranka ya daɗe, wa bai sani ba? Ɗan acaɓan da ya kai shi titi ya gan shi da katin allura. Mun yi masa addu'a a masallaci ma. Ka ce masa ya taho mini da man zafi."

Aka sake shi da la'asar. Wata motar ya samu washegari, ba jaka, ba tsaraba. Duk hanya bai yarda ya kunna waya ba, don kada a gaya masa abin da yake tsoro.

Ya tarar da Furera da sauran numfashi. Ta lalubi fuskarsa, ta ce, "Ba ka dai gaya wa kowa ba ko?"

Ya ce, "Ko mutum ɗaya, Yaya."

Ta kwana biyu bayan nan ta rasu, shi da kansa ya sa ta a kabari.

Har yau Saude gona take cewa. Sai dai duk tafiyar da zai yi, Rufa'i kan leƙa rumfar Shitu ya raɗa masa inda za shi, ya kuma roƙe shi kada ya gaya wa kowa.