Dutsen da Na Yi Rawa a Kansa

Har yau ba na son warin sabon fenti. Bari in gaya maka dalili.

A bayan Kagarawal akwai wani rami inda ake fasa dutse tun zamanin Turawa. A nan mahaifina yake aiki. Ina goye wani falalen dutse ya zame ya danne shi. Maza suka yi kwana uku suna fama, dutsen ko motsi bai yi ba, sai liman ya yi wa mahaifina salla a wurin. Daga baya kamfanin ya tashi, ciyawa ta cinye ramin. Kakata kaɗai ke zuwa duk Juma'a da tsintsiya, ta share gefen dutsen, ta yi wa ɗanta addu'a.

Da kuɗin man fetur ya zo, aka ce za a mai da ramin dandalin bikin al'adu, har da makarantar koyon zane da kiɗa. Suka duba, ba su ga shimfiɗaɗɗen wurin da ya kai wannan dutse ba. Suka shafe shi da fenti kore da fari.

Kakata ta tari shugaban aikin, ta ce, "Yaro, ɗana na ƙarƙashin nan."

Ya ce, "Iya, kina da takarda?"

Ina ta ga takarda?

Ni kuwa ina aji huɗu, aka zaɓe ni cikin 'yan rawa, aka ba mu sabon zane da ɗankwali. Na san abin da ke ƙarƙashin dutsen sarai. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Na ɓoye mata, na hau, na taka rawa har manyan baƙi suka tafa.

Da na dawo, tana zaune a bakin murhu, labari ya riga ni. Ba ta dake ni ba, ina ma ta daka. Ta dubi ƙafafuna, ta ce, "To, yau ya ji nauyinki. Ya san kin girma."

Ba ta sake zuwa ramin ba.

Bikin kwana uku ya yi. Makarantar ko tubali ba a aza ba. Yanzu an cike ramin, an yanka filaye, benaye sun tashi. Jikokina kan ce in kai su kabarin kakan iyayensu. Bara na je na zagaya layin sau biyu, maigadin wani gida yana harara ta. Ban san a ƙarƙashin falon wa mahaifina yake kwance ba.