Fuskar da Yaya Nasiru Ya Ara

Shekara bakwai ke nan, a irin wannan lokaci na yankan alkama, da Allah Ya karɓi ran yayana Nasiru. Kowace shekara abin da muke yi bai wuce ni da Inna mu toya waina a raba wa maƙwabta ba, a yi masa addu'a, in koma ɗakina a Bunkure. Ni matar aure ce, tun da na bar sakandare ban rubuta abin da ya fi wasiƙar gaisuwa tsawo ba, kuma ban taɓa zaton zan aika wa jarida komai ba. Amma bana na ji wani abu da har yanzu ya ƙi fita daga raina, na ga idan na yi shiru, zan yi shiru ne a kan haƙƙin wani bawan Allah.

Mutanen garinmu Kura sun san Yaya da koyarwa a firamare, amma sun fi saninsa da 'yan littattafan zanen da yake fitarwa, masu suna Ofishin Sama. Labari ne na wani kamfani da ya ƙirƙira, mai dogon bene a birni, wanda yake sayen tumatir da alkama a hannun manoma, manyansa kuma kullum suna haƙa wa juna rami a kan kujera. Yakan zana shi a kan sitansil, ya kai Kano a gurza masa a irin injin da ake buga takardun jarrabawa, ya dawo ya ɗinke da zare. Shi kansa bai taɓa aiki a kamfani ba. Sau ɗaya ya taɓa shiga lif, na'urar hawa bene, kuma sai da muka shekara muna jin labarin yadda hanjinsa ya taso.

Duk wanda ya karanta biyu ko uku ya san hanyar da labarin yake bi. Shafin farko, baƙar mota ce a bakin get, maigadi yana sara mata. Daga nan sai ɗakin taro mai dogon tebur da fanka a sama, da shayin da ake kawowa ba mai sha. Dole wani ya buga tebur, dole wayar tarho ta yi ƙara a daidai lokacin da gaskiya za ta fito, dole a kori akawu mai amana ya fita da 'yar jakarsa. Babbar ƙa'idar kuwa ita ce tabarau. A shafin ƙarshe wani sabon mutum zai shigo get da baƙin tabarau, yana gaishe da kowa da fara'a. A littafi na gaba shi ne munafukin da zai sayar da asirin kamfani, kuma ba a rufewa sai tabaran ya faɗi ƙasa ya fashe.

Ana karanta su a teburin mai shayi, da bakin kanal ɗin noman rani in ana jiran layin ruwa. Wanda bai yi boko ba ya karanta hoto, kuma sau da yawa shi yake riga mai karatun ganewa, da ya hango tabarau sai ya ɗora yatsa ya ce ga shi nan. Na taɓa yi wa Yaya ƙorafi cewa kullum abu ɗaya ne. Ya yi dariya ya ce ai tuwo ma kullum ɗaya ne, bai ga na taɓa mayar wa Inna da kwano ba.

Akwai kuma wata ɗabi'arsa da gari ya sani. Yana aron fuskokin mutane. Mai shayin bakin tasha shi ne maigadi, tumbin hedimastansu ne a jikin ciyaman, kuma kowa yana alfahari in ya ga kansa. Amma fuskar mai tabarau, wannan daga kansa yake ƙirƙiro ta. Yakan ce ba zai ɗora wa ɗan gari cin amana ba ko da wasa, yana tsoron ranar hisabi.

Malam Isyaku abokinsa ne tun makarantar allo. Manoman sashensu shi suka ɗora a kan rabon ruwa, shi yake faɗin wa zai buɗe wa gonarsa yau, wa zai jira gobe, aikin da ba a ba mutum sai an yarda da shi. Wata rana yana feshin tumatir iska ta juyo masa da maganin a ido. A asibiti aka ce kada ya sake shiga rana ba baƙin tabarau. Yara suka fara nuna shi suna dariya, abin ya dami Yaya ƙwarai, don ya san inda suka samo.

A lokacin na gama makaranta ina gida ana shirin bikina, ni nake fere masa fensir. Wata la'asar na leƙa na ga fuskar Malam Isyaku a shafin ƙarshe, da tabarau, yana shiga get. Na tambaye shi ko sun ɓata ne.

"Autar Inna, kwantar da hankalinki," in ji shi. "Na koya wa mutane muguwar ɗabi'a, ni zan warware ta. A na gaba kowa zai zarge shi, a ƙarshe a ga shi kaɗai ne mai amana a kamfanin. Na gaya masa, ya yarda."

Littafin ya fita. Bai daɗe ba zazzaɓi ya kwantar da Yaya, kafin mu farga an yi masa sutura. Na gaban ko layi ɗaya bai kai ga zanawa ba. Bayan an share makoki aka kai ni Bunkure, ni kuma a zuciyata littafin ya mutu tare da mai shi.

Watan da ya wuce ina gida wajen Inna sai ga Hanne, matar Malam Isyaku, ta zo sallama. Ta ce da sun gama yankan alkama za su tashi su koma wajen dangin mijinta a Madobi, a yafe musu. Inna ta tambayi dalili, ta sunkuyar da kai ta ce ƙaddara. Da na raka ta soro na riƙe gefen mayafinta na haɗa ta da Allah, sannan ta faɗa min.

Ta ce da farko tsokana ce kawai. Sai wata shekara ruwa ya yi ƙaranci, gonakin ƙarshen kanal suka ƙone, aka fara raɗa cewa mai rabo yana fifita masu hannu da shuni. Ba wanda ya gani da idonsa. Sai wani ya ɗauko littafin nan na ƙarshe ya buɗe a gaban jama'a. Aka ce Malam Nasiru bai taɓa sa wa ɗan gari tabarau ba sai wannan karon, kuma amininsa ne, ya san cikinsa, ashe gargaɗi ya bar mana. Aka cire shi daga rabon ruwa. Aka daina haɗa kwandunan tumatir da shi a mota ɗaya. In ya shiga sahun salla, na kusa da shi ya ɗan matsa. 'Ya'yansa ba a kiransu da sunan ubansu, sai 'ya'yan Mai Tabarau. Har akwai masu cewa a duba yadda Malam Nasiru ya rasu jim kaɗan bayan fitar littafin.

Da ta faɗi wannan na ƙarshen sai na ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara bakwai ina zuwa garin nan bikin suna da na aure, ina gaisawa da matan waɗannan mutane, ba wadda ta taɓa ko da yi min shaguɓe. Kara ce ta hana su, wai kada a tayar wa gidan mamaci da ciwo. Inna kuwa, da ko sunansa ba ta faɗa saboda ɗan fari ne, wa zai tunkare ta da zancen? Rashin sani ya fi dare duhu. An yi wa matattu kara, an bar mai rai yana ƙuna.

Tun ranar nake tambayar kaina me Yaya zai ce da zai leƙo Kura ta yau. Na san zai yi murna da alkamar da ta rufe ko'ina, da manyan motocin da ke layi suna lodin tumatir zuwa kudu. Zai tsaya a ƙofar gidan kallon bidiyon da aka buɗe ya ga yara sun daina neman takarda, wataƙila ya ji ɗan kishi. Amma in aka ce masa zanen da ya yi don ya kare abokinsa shi aka mayar hujjar kora, ban san da wace fuska zai dubi garin ba. Mutumin da ko kazar maƙwabta ta shigo gida ba ya bari a jefe ta.

Na gaya wa maigidana, muka je gidan Malam Isyaku bayan la'asar. Ya rame, furfura ta fito masa. Na ce masa ai na san abin da suka shirya da Yaya, ina wurin aka yi zanen, me ya sa bai faɗa wa mutane ba, me ya sa bai aiko a tambaye ni ba. Ya ce sau ɗaya ya faɗa, aka yi dariya aka ce mamaci ba ya tashi ya ƙaryata. Daga nan ya bari.

"Ƙanwata, kin san dama akwai malaman da suke ganin laifinsa a kan zanen mutane," in ji shi. "In na dage ina cewa littafinsa ya cuce ni, gobe za a ce Nasiru yana kabari da haƙƙin mutum a wuyansa. Innarku ta ji wannan? Gara ni, ina da rai, zan iya ɗauka."

Maigidana ne ya yi ta maza ya ce lallai a je wajen liman.

Liman ya tara dattawan sashen a zaurensa, ni ina daga bayan labule ta cikin gida. Na faɗi abin da na gani da abin da na ji daga bakin Yaya, na rantse da Allah. Liman ya ce ya karɓi shaidata. Ya tuna musu cewa zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma zanen malamin firamare ba wahayi ba ne. Na ɗauka an gama.

Sai wani tsoho, Baba Audu, wanda ya ɗauke ni a kafaɗarsa ina yarinya, ya yi gyaran murya. Ba da faɗa ya yi magana ba, da tausayi ya yi ta.

"Allah gafarta Malam, yarinyar nan ba ta ƙarya, mun san gidansu. Amma ai haka yake a kowane littafi. Dab da ƙarshe sai sakatariya ta miƙe tana kuka ta rantse mutumin kirki ne. Ita ba ta da laifi, ruɗarta aka yi." Sai ya ƙara da cewa, "Kuma in ban manta ba, fuskar ita wannan ɗin marigayi yake ba sakatariyar."

Na ji zauren ya amsa da ƙananan muryoyi, haka ne, haka ne. Gaskiya Baba Audu ya faɗa. Fuskata ce, har da wushiryata, kuma na sha yin fariya da ita a makaranta. Na zo da abin da na gani da idona, sai na tarar an riga an tanadar min gurbi a cikin labarin, duk abin da zan faɗa kuma ƙara tabbatar musu yake. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma waɗannan ba wawaye ba ne. Mutane ne masu salla da zumunci, waɗanda suka yi wa Yaya wanka suka ɗauki makararsa. Son da suke yi masa ne ya sa ba za su yarda ya bar zance a tsakiya ba, suka ƙarasa masa shi yadda ya saba ƙarasawa.

An tashi a kan liman zai yi huɗuba a kai, kuma ya yi. An ce min wasu sun sunkuyar da kai. Amma har ranar da motar kaya ta tsaya a ƙofar gidan Malam Isyaku, ba wanda ya taka ya je neman afuwarsa. Malam Isyaku ya bar wa ɗan'uwansa gonar, ya aiko Hanne ta gaya wa Inna cewa abokinsa bai yi masa laifin da za a yafe ba. Dole ta sa na zaunar da Inna na gaya mata komai. Da ta gama ji, sai ta ce, "Yaron nan da ya sani da ya karya fensirin."

Yanzu in na auna abin da ya rage na Yaya, takardun ba su ne ba, yawancinsu gara ta ci, wasu an ƙulle ƙosai da su. Ɗalibansa suna nan, wasu har sun zama malamai, suna yi masa addu'a. Baiwar hannunsa tana nan a idon mutanen gari, ta yi ƙarfin da ta fi ƙarfin rantsuwar ƙanwarsa, kuma wannan yana ba ni tsoro fiye da yadda yake ba ni alfahari. Mafi tsadar abin da ya bari shi ne aboki wanda ya zaɓi a ɓata sunansa da a taɓa na mamaci. Ina roƙon Allah Ya duba niyyar Yaya, Ya yafe masa abin da bai kai ga gyarawa ba, Ya haskaka kabarinsa.

Ku kuma iyayena da yayyena na Kura, na san jaridar nan tana zuwa teburin mai shayi, kuma akwai mai karanta muku. Nasiru ya tafi, ba zai dawo ya ƙarasa ba, ba kuma shi za a tambaya a kan sahun da aka matsa ba. Malam Isyaku yana da rai, yana Madobi, kuma kullum mota tana zuwa.