Matar da Ta Hana Mu Cewa "An Gama"

Ƙarfe takwas saura kwata take shigowa, jaka a kafaɗa, gorar ruwan zafi a hannu. Kafin ta zauna sai ta tsaya gaban farin allon da ke bangon ofishinmu, ta bi ƙananan takardun da muka manna da ido, wadda ta fara ɓamɓarowa ta danne ta da babban yatsa. Shekara goma sha ɗaya tana haka. Mu bakwai ne masu rubuta manhaja, kuma dukkanmu Yaya muke ce mata, har wanda ya girme ta. A bayan idonta kuwa Uwar Allo ce. Ni na raɗa mata sunan, kuma ba don yabo na raɗa ba.

Manhajarmu ta ƙananan asibitoci ce, nas-nas ke shigar da sunayen jarirai da ranar da za a dawo da su rigakafi. Yaya ce ke yanke abin da za a gina yanzu da abin da zai jira. Kowace takarda a allon aiki ɗaya ce, tana tashi daga layin "Za a yi", ta shiga "Ana yi", ta ƙare a "An gama". Duk safiya mukan taru gaban allon minti goma sha biyar, a tsaye, don kada masu dogon zance irina su samu wurin baje koli. Wannan duk ofisoshi irin namu suna yi. Abin da Yaya ta ƙara shi ne sharaɗi ɗaya: takarda ba ta shiga "An gama" sai wata nas ta yi amfani da aikin a gaban idon ɗayanmu.

"Yaya, wallahi yana aiki a kwamfutata," in ji ni wata safiya.

"To sai mu ɗauki kwamfutar mu kai asibiti," ta ce, "kai ma ka tare can kana yi wa yara allura."

Aka kwashe da dariya, ni kuwa na haɗe rai. Lokacin na ɓata mako shida ina ƙawata wani shafi mai zane-zanen launi, ina ji da shi sosai, ita kuma ta mayar da takardarsa can ƙarshen layi. Ta ce in fara gyara yadda manhajar ke fitar da mutum ta sake neman kalmar sirri duk bayan minti biyu. Na ce wannan aikin 'yan koyo ne. Ba ta yi musu ba, washegari ta ce in shiga motarta.

A asibitin muka tarar da wata dattijuwar nas, jariri a hannun hagu, safar roba a dama, tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi a kan cinya, mata kuma cike da benci har bakin ƙofa. Kafin ta gama lallashin jaririn, manhajar ta fitar da ita. Ta ja tsaki, ta yagi gefen kwalin magani ta rubuta ranar dawowa a kai. Da Yaya ta nuna ni, sai nas ɗin ta dube ni sama da ƙasa.

"Ɗana, kai ka yi abin nan? Allah ya yi albarka. Amma kwali ya fi shi sauri."

Kwana biyu na gyara shi. Sai dai maimakon in gode, ajiye abin na yi a zuciya, don an kunyata ni a gaban mata.

Abin da ta yi mana wanda ba mu gani ba ya fi wanda muka gani yawa. Mai gwajin manhajarmu, wadda teburinta ke kusa da ƙofa, ita ta ba mu labari daga baya. Duk sanda shugaban kamfanin ya taho da sabon buri a tsakiyar zangon aikinmu na mako biyu, Yaya ke tare shi tun a baranda: "Ranka ya daɗe, allon ya cika. Idan wannan zai shiga, wanne za a cire?" Yawanci komawa yake yi. Da matar abokin aikinmu Dogo ta haihu bakwaini, ba tare da sanarwa ba Yaya ta rarraba mana takardunsa, har ya dawo bai taɓa jin ya rage wa kowa tafiya ba. Akwai kuma ranar da wani kuskure ya birkita ranakun dawowar yara a asibitoci uku. Ta wuni tana kiran nas-nas tana ba su haƙuri, kuma a zaman waiwaye da muke yi ƙarshen kowane zango ta hana a ambaci sunan kowa. Ta ce a nemo ramin da kuskuren ya bi ya wuce mu duka. Kuskuren nawa ne, kuma ta sani.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara biyu da suka wuce aka kawo sabon shugaba, aka ce za a rage ma'aikata. Ya riƙa kiranmu ɗaya-ɗaya. Da na zauna sai ya ce, "Matar nan, me take yi ne? Ban ga layi ɗaya da ta rubuta ba."

Na ce, "Tana dai matsar da takardu, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya, na taya shi. Bayan mako biyu ta miƙa makullinta. Abin da ta bar mana shafi ɗaya ne: lambobin nas-nas goma sha huɗu, da lokacin da ya fi dacewa a kira kowace.

Bayan tafiyarta muka watsar da sharaɗinta, layin "An gama" ya cika maƙil, har muna yi wa juna barka. Babu wanda ya kira lambar ko ɗaya. Wata biyar bayan haka muka ji asibitoci huɗu sun koma rajistar takarda, don sabon shafin da muka yi ba ya buɗewa a tsofaffin wayoyi.

Kwanan baya na je gidanta. Na same ta a baranda, tabarau a kan hanci, tana jera wa mahaifiyarta magungunan mako. Na durƙusa na gaishe ta, na kasa shan ruwan da ta kawo, na faɗa mata abin da na ce.

"Na sani," ta ce. "Shi da bakinsa ya maimaita min, yana dariya."

"Yaya, amma ba ki nuna min komai ba?"

"Gyara biyu ne a hannunka a makon. Da na yi magana, da ba ka gama su ba." Ta rufe robar maganin. "Na yafe maka tuni, ƙanena. Amma ya yi min ciwo, kada ka zaci bai yi ba."

Yaya, ke ce ginshiƙin da muka jingina da shi har muka manta yana nan. Ke ce kika sha zafin sama da na ƙasa don mu zauna mu yi aiki da kwanciyar hankali. Akwai yaran da suka samu allurarsu a kan lokaci saboda taurin kanki, iyayensu ba za su taɓa jin labarinki ba. Mun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa Mama lafiya.

Ku kuma masu sana'a irin tamu, ku yi koyi da ita: ku tashi daga kujera ku je ku ga hannun da ke riƙe da abin da kuka gina. Kuma idan akwai irinta a cikinku, ranar da aka tambaye ku me take yi, ku faɗi gaskiya a ranar, a cikin ɗakin, tun tana kan aikinta. Ni sau ɗaya aka tambaye ni, kuma sai yau na kawo amsar da ta dace, lokacin da ba za ta dawo mata da komai ba.