Muryar Yaya a Ɗakin Sanyi

Ƙi-faɗi ake ce mata tun tana ƙarama, kuma har ta girma ba ta ba sunan kunya ba. In aka ce ta zauna, sai ta miƙe ta tambayi dalili. Mutum ɗaya take jin maganarsa a duniya, wato yayanta, wanda ke dakon ƙanƙara a wani kamfani can ƙarshen gari. Shi ya koya mata hawan keke, shi ke shiga tsakani in Mama ta ɗauko bulala.

Wata safiya ya tafi aiki bai dawo ba. Maigadi ya rantse ya ga shigarsa, bai ga fitarsa ba. Manaja ya ce ƙila ta ƙofar baya ya bi ya shiga duniya, ai samari sai a hankali. An duba asibiti, an je wurin 'yan sanda, shiru. Da abin ya daɗe, kawunnai suka taru suka ce a yi masa addu'a a haƙura. Ƙi-faɗi ta tokare bakin ƙofa ta ce, "Kawu, ku nuna mini gawa tukuna." Aka yi mata caa, ko gezau. Washegari ta je kamfanin neman aikin shara, aka ɗauke ta, don ba wanda ya san ƙanwar wa ce.

Nan ta haɗu da mai gyaran injinan wurin, wani dogo mai in'ina, kullum hannunsa dumu-dumu da baƙin mai. Ya fara da kawo mata safar hannu, daga baya rigar sanyi.

"In so ne ka faɗa," in ji ta. "In tausayi ne riƙe kayanka."

"D-duka biyun ne."

Ta tuntsire da dariya, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Amma ta gaya masa ko ita wace ce, ta kuma ce ba maganar aure sai ta ga yayanta, a raye ko a mace. Sai bakaniken ya nuna mata ɗakin sanyi na ƙarshe, mai ƙaton kwaɗo. Ya ce da hannunsa ya yanke wa ɗakin wuta tuntuni, amma har gobe ƙanƙara na tsirowa a jikin ƙofar.

Wata rana da tsakar rana tana goge daɓen lungun da ɗakin yake, ma'aikata sun fita cin abinci, sai ta ji an ce, "Ƙanwata, sanyi nake ji." Muryar yayanta ce sak, har da 'yar shaƙewar nan tasa. Ta waiwaya wajen ƙofar ɗakin. Tana kallo kwaɗon ya buɗe da kansa ya faɗi ƙasa.

"Shigo ke kaɗai," in ji muryar. "Kada ki kira kowa."

Har ta kai hannu, sai ta janye. Mutumin da ke karɓar bulala dominta ba zai kira ta ita kaɗai cikin wannan wuri ba.

"In kai ne, Yaya, ka fito. In kuma wani ne, to ka tambaya a gari, ba a ba ni umarni."

Muryar ta rikiɗe, ta koma ta mutane da yawa, maza da mata, suna kiranta tare. Ƙi-faɗi ta fita tsakar kamfanin ta yi ta buga bokiti da sanda har kowa ya taru. Manaja ya sha gabanta yana cewa ya kore ta daga aiki. "Ka kore ni bayan na buɗe," ta ce, ta ture shi gefe. Bakaniken ne ya sa kafaɗa suka banke ƙofar tare.

Yayanta na zaune ya jingina da bango, fari fat da ƙanƙara, kamar barci ya ɗauke shi. Gefensa akwai wasu gawarwakin. A kusurwa kuma wani abu baƙi, kamar jiƙaƙƙen bargo, yana naɗe kansa yana sulalewa cikin ramin magudanar ruwa, yana dariya da muryar yayanta. Mutane suka watse da ihu. Ita ta wurga masa sandar, ta tofa yawu, sannan ta durƙusa ta rungume kan ɗan'uwanta. Sai a lokacin ta yi kuka.

A gaban 'yan sanda manaja ya ce haka ya tarar da ɗakin, kuma duk sanda wani ya ɓace sai ya sake kwaɗo ya yi shiru. Aka tafi da shi, aka rufe kamfanin. Mama ta samu ta binne ɗanta.

Ƙi-faɗi ta auri bakanikenta. Suka buɗe shagon gyaran firji, shi yana gyara, ita tana faɗa da masu cewa an ɓata musu kaya. Ranar da aka zo rushe kamfanin tana da tsohon ciki, kowa ya ce kada ta je. Ta je, ta tsaya a kan leburori cikin rana sai da suka cika ramin nan da kankare, ta taka shi da ƙafarta ta ji ya yi tauri. Sannan ta ce wa mijinta ya samo mota, don bayanta ya fara ciwo.