Tafiyar Kaka a Motar da Ke Kan Bulo

Asabar ɗin farko bayan ƙaramar Sallah, shekarar da na shiga aji huɗu, na tarar da Babana kwance rigingine a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, da rigarsa ta Sallah, ƙafafunsa kaɗai a waje. A ƙofar gidan Alhaji Modi ne, maƙwabcinmu a Ƙofar Dundaye, inda motar ta yi shekara da shekaru a gindin dogon yaro, har kaji na yin ƙwai a cikinta. Shuɗiya ce, doguwa, ƙirar da, mai fitilu ƙwala-ƙwala. Baba ya fito yana kakkaɓe riga, ya ce bai ga komai ba sai alheri. Ni dai na san ko ramin kura ne a ƙarƙashin nan ba zai gani ba, don son motar ya riga ya rufe masa ido.

Ba don kansa yake sonta ba. Kaka, mahaifiyarsa, ta daɗe rabonta da ƙauyensu na bayan Wurno. Ƙafafu sun ƙi, jiki kuma ba ya ɗaukar jijjigar motar haya. Baba ya yi mata alkawari shi da kansa zai kai ta, a kujerar gaba, ta ga ƙanwarta da gonar mahaifinta.

Abin mamaki, mai sayarwa ne ya hana cinikin. Alhaji Modi ya ce ciniki da ɓoye aibi ba ya da albarka. Ya buɗe but ɗin bayan motar, ya caka sukudireba, tsatsa ta ɓamɓaro kamar ƙanzo. Ashe gishiri da kanwar da ya yi ta ɗaukowa daga bakin iyaka lokacin yana fatauci sun cinye ƙarfen. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasan kujerar gaba, sai ga rami, har muna hango kashin kaji ta ciki. "Malam, nan za ka aza ƙahwar tsohuwa?" in ji shi. Ya rantse ba zai karɓi ko sisi ba sai an gyara.

Aka ɗauko Ɗanjummai mai walda daga Unguwar Rogo, ya cire tayoyi, ya ɗora motar kan bulo. Aikinsa sai an kawo wuta, wuta kuwa sai ta ga dama. Nawa aikin, in na taso makaranta na ba awaki dusa, shi ne goge tsatsa da samfefa har tafin hannuna ya yi ja kamar na sa lalle. Duk inda aka yanke aka liƙa sabon ƙarfe, sai wani wurin ya buɗe baki. Haka muka yi ta fama har ruwa ya sauka.

Wata la'asar Kaka ta gaji da jira, ta sa aka riƙo ta har motar. Ta zauna a gaba, ta gyara lulluɓi, ta dube ni ta ce, "Maigida, tashi mota." Na kama sitiyari, na tayar da inji da bakina. Ta lumshe ido ta fara karanto hanya: ga gada, ga fadamar albasa, ga rijiyar da Fulani ke shayar da shanu. Tana ɗaga hannu ta taga tana gai da mutanen da ni ban gani ba. In na cika gudu ta ce, "Sannu-sannu, mijin banza, akwai gangare!" Ganyen dogon yaro na faɗowa kan gilashi, ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙiya na shigowa ta ramin ƙasa, wallahi har ji nake motar na lilo da mu. Kullum haka muke yi har a kira magariba, kuma kullum in mun kai wata babbar kuka a bakin garinsu sai ta ce, "Tsaya nan. Sauran Babanka za shi ƙarasa."

Gero ya fara fitar da kai Allah ya yi mata rasuwa, fenti kawai ya rage a gama gyaran motar. Alhaji Modi ya zo gaisuwa yana hawaye, yana cewa shi ya tsai da ita. Baba ya riƙe hannunsa ya ce kwana ne ya ƙare.

Bayan sadakar arba'in aka yi cinikin, muka kama hanyar ƙauyen don mu gai da ƙanwar Kaka, ina kujerar gaba. Ban taɓa bin hanyar ba, amma na san ta: gadar, fadamar, rijiyar, duk suna nan inda ta ajiye su. Da na hango kukar, ban san lokacin da na ce "Tsaya nan" ba. Baba ya taka birki yana tambayar ko lafiya. Na gaya masa abin da Kaka take faɗa. Ya kifa kai a kan sitiyari ya daɗe, sannan ya share fuska da hannun riga, ya yi bisimilla, ya ƙarasa da mu cikin gari.

Yau motoci sun cika Sakkwato, sai sheƙi, masu sayarwa na rantsuwa ba su da ko ƙwarzane. Na mallaki mota, na bi hanyoyi masu nisa, amma har yanzu in zan saya sai na durƙusa na ɗaga shimfiɗar kujerar gaba, kuma duk na ɗaga sai na ji kewar tsohuwar nan. Ban taɓa yin tafiyar da ta kai wadda muka yi ba taya ba.