Lasau da Bencin Gora

Shekara ashirin da shida shagona na jingine da na Lasau, bango ɗaya ya raba mu. Ni wasa zarto da wuƙaƙe nake yi, shi ya sa ake ce mini Mai Dutse. Shi kafinta ne, gajere, mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana in yana awo.

Wurin mahaifinsa ya koyi aiki, kuma da katako ya tashi. Daga baya katako ya soma wuya. Wanda ake samu ma ɗanye ne, ka yi ƙofa yau, kafin wata biyu ta karkace. A bakin rafin da ke bayan gari kuwa gora ce tsaye jingim, dogaye, masu kauri, ba mai kula ta sai masu neman sanda. Ya ce zai gwada ta a madadin katako.

Aikin farko da ya samu benci goma sha biyu ne na wata ƙaramar makaranta. Shugabar makarantar, wadda kowa ke kira Malama Babba, ta yarda da shi saboda shi ya yi mata ƙofofi. Ya je ya sari gora a ƙarshen rani. Hankalin kafinta ya yi amfani da shi: itace ya fi kyau in ya bushe, to ai lokacin ne komai ya fi bushewa. Ya kuma zaɓi masu sheƙi, kore shar, ya bar tsofaffi masu dabbare-dabbare. Bencin suka fito tsaf, ya shafe su da fenti.

Wata biyar aka yi, sai wani farin gari mai laushi ya fara zuba a ƙarƙashinsu. Ƙwari ne ƙanana suka cinye cikin, suka bar fatar. Wata safiya benci ɗaya ya karye da yara huɗu a kai, wata yarinya ta gurɗe hannu. Malama Babba ta sa aka kwaso duka goma sha biyun a amalanke aka jibge masa a ƙofar shago, layi duka na kallo.

Daga ranar aiki ya ɗauke masa. Ko kujera mai karyayyar ƙafa ba wanda ke kawo masa gyara. Sunansa ya zama wanda kayansa ke karya yara.

Matarsa ta ce, "Malam, ka koma katakonka mana."

Ya ce, "In na koma wa zai ba ni? Sai na san abin da ya ci ni tukuna."

Babbar 'yarsa tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Sunan mahaifiyarsa gare ta, don haka Uwata yake kiranta. Wata ranar hutu da hantsi ta zo shagon da 'yar kwalbar aidin, irin wanda ake sa wa ciwo. Ta sa ya yanko gora biyu, sabuwa da tsohuwa, ta ɗiga a bakin kowace. Sabuwar nan take ta yi shuɗi har ya koma baƙi. Tsohuwar ɗan kaɗan ta canza.

"Baba, wannan sitaci ne, ga kuma sukari. Abincin da take tarawa ne don ta fito da 'ya'ya in ruwa ya sauka. Kai kuma ka sare ta lokacin da rumbunta ya cika."

"Wato abinci na jera wa ƙwari a aji?"

"Har da fenti ka yi musu, Baba."

Bai yi dariya ba. Ya tambaye ta to mene ne sauran jikin gorar. Ta ce zaruruwa ne a jere daga gindi zuwa sama, da wani abu kamar danƙo da ya riƙe su, kusan irin na katako, ƙarfinta ke nan. A fatar kuma akwai wani abu dangin yashi. Nan na gane dalilin da ya sa zartonsa ke dakushewa sau uku a mako. Da ni yake zargi da rashin iya washi.

Aidin ɗin ya ƙare cikin wata guda. Sai ya koma lasa. Zai yanki gora, ya sa harshe a bakin, ya ɗanɗana, ya tofar. In ya ji zaƙi-zaƙi ya jefar da ita gefe. Daga nan sunan Lasau ya bi shi. Telan da ke tsallaken titi kan ɗaga murya ya ce, "Lasau, a kawo maka gishiri ne, ko haka za ka ci gaya?" Shi kuma ya ce, "Ka fara daidaita hannun rigar da ka ɗinka mini, ɗaya na gaida gwiwa."

Shekara biyu yana gwaji. Ya koma sara bayan ɗaukewar damina, kuma sai wadda ta shekara uku ko huɗu. Yakan ɗaure ta dami-dami ya nutsar a rafi, ya danne da duwatsu, mako shida, ruwa ya wanke zaƙin. In ya fito da ita wari take yi, har matarsa ta hana shi shiga da kayan aiki cikin ɗaki. Sai ya jingine ta a inuwa ta bushe a hankali. Ya daina buga ƙusa don tana tsaga ta. Huda yake yi ya cusa tsinken gorar kanta. A tsakanin nan, ɗan abin da ke shigowa gidan daga 'yar tasa ne, kuma abin na damunsa.

Da ya gama benci ɗaya ya ɗora a kai ya kai makarantar. Malama Babba ta tare shi a ƙofa.

"Yarana ba za su hau wannan ba."

"Ranki ya daɗe, to manya su hau."

Ta bar shi ya ajiye a baranda, inda iyaye ke jiran tashin yara. Duk ƙarshen wata yakan je da baƙin ƙyalle, ya shimfiɗa a ƙasa, ya bubbuga bencin da ƙotar guduma, ya durƙusa ya duba. In ya dawo ba na tambayarsa. In ya ce mini, "Mai Dutse, ba komai," na san gari bai zuba ba.

Aka shekara, aka shekara da rabi. Makarantar ta sayi kujerun roba, ba ta sake ba shi aiki ba.

Wata la'asar wata mata mai tsohon ciki ta tsaya tsakanin shagunanmu ta ce, "Baba, wane ne a cikinku mai bencin makaranta?" Na nuna mata shi. Ta ce kullum a kai take zama, ita da wasu manyan mata uku, ko ƙara bai taɓa yi ba. Gadon jariri take so.

Ya ajiye zarto ya dube ta.

"An faɗa miki abin da ya faru da na farko?"

"An faɗa mini. Yarinyar 'yar yayata ce."

Ya ce gorar da zai yi da ita jiya ya nutsar, sai mako shida, ga shanya kuma.

"Baba, ni saura mako huɗu."

"To ya kwana a gefenki tukuna, 'yata. Ba zan cire ta ba sai ta cika kwanakinta."

Ta ce ta yarda. Ya ɗauko abin awo ya tambaye ta faɗin wurin da za a sa gadon.